Mota Ta Tafasa: Yadda Za Ka Gane Ko Gasket Ne Kafin A Kwance Maka Inji

Cikin watan Afrilu ne, rana ta take tsaka, na baro Jega zan je Yauri a tsohuwar Carina E ɗina. Ban kai Koko ba na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Na ce bari in lallaɓa in shiga gari. Wannan lallaɓawar ce ta ja mini. Ina tsayawa bakin wani gareji tururi ya turnuƙe bonet, makanikin ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ai gasket ya tahi." Bai yi ƙarya ba: gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Na kwana biyu a garin, aka kwance kan inji, aka sa sabo, na biya. Mako uku bayan nan, a hanyar Argungu, allura ta sake hawa.

Wani dattijon makanike a Birnin Kebbi ne ya warware mini. Ya bar motar ta yi zafi, ya kashe ta, ya zare wayar fanka, ya zura tafin hannu yana shafa bayan lagireto daga gefe zuwa gefe. Sai ya kamo hannuna ya ɗora. Gefe kamar tukunya a kan murhu, tsakiya kuwa ɗan ɗumi kawai. Ya ce, "Ɗana, da anka canza gasket, an tambayi mi ya ƙone shi?" Ashe rabin layukan lagireton sun toshe da dattin ruwan rijiyar da na shekara ina ɗurawa. An bar jaki an daki taiki.

Da wuya gasket ya ƙone haka siddan. Galibi wani ƙaramin abu ne ya fara lalacewa, inji ya ɗau zafi, zafin ya cinye gasket. Don haka binciken da zan shimfiɗa maka daga mai araha yake farawa, kwance inji shi ne na can ƙarshe.

Idan allura ta hau kana kan hanya

Kashe esi nan take, ka gangara gefe. In motarka tana da hita mai aiki, buɗe ta har ƙarshe ka sauke gilasai, domin hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji. In babu tururi kuma allura ba ta taɓa ja ba, bar injin a sulo minti ɗaya ko biyu ka ga ko za ta sauko. In ta taɓa ja, ko ka ga tururi, ko ka ji injin yana ƙara ƙyal-ƙyal yana rasa ƙarfi, kashe shi. Kar ka yi irin lissafina na "saura kaɗan in isa".

Abu biyu ne ke kai mutane asibiti ko kasuwar kayan gyara. Na farko buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne ya hana shi tafasa, kana murɗa murfin zai yi tsiri ya saɓule maka fata. Jira aƙalla rabin awa, ka matsa babban tiyon sama da tsumma, in ya yi laushi sannan ka buɗe a hankali. Na biyu sheƙa ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Ana yin wannan kullum a tasha da ruwan leda, kuma ba abin da ke tanƙware kan inji ko ya tsaga shi kamarsa. In za ka ƙara ruwa, bari ya huce, ka tada motar, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Wani abu da ke yaudarar direba: in ruwa ya tsiyaye ƙarƙaf, allura kan iya komawa ƙasa, domin na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa kuma. Allurar da ta hau ta sauko da kanta ba ka yi komai ba, ga hita tana busa sanyi, ba sauƙi ba ne. Injin ne ke gasuwa a bushe.

Yaushe take yin zafin?

Kafin a taɓa sifana, amsa wannan, don amsar ita ce rabin binciken. Motar da ke zafi a cunkoso ko a tsaye, amma da ka hau titi allura ta sauko, tana nuna maka fanka. Wadda ke lafiya cikin gari amma ta tafasa a doguwar tafiya, ko in an labta mata kaya irin buhunan albasar Aliero, wannan lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko tiyon ƙasa yana shaƙewa in an taka totur. Wadda ke kai ja cikin minti goma da tayarwa, a tsaye ko a tafe, tuhumi tamostat, wato ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto, ko rashin ruwa. Wadda allurarta ke hawa da sauka kamar lilo, akwai iska a cikin ruwan, kuma a nan ne ya kamata ka fara tunanin gasket.

Binciken safe, inji a sanyaye

Buɗe murfin lagireton kansa ka duba. Kar ka tsaya ga robar ajiya da ke gefe, tana iya cika lagireto kuwa wayam. A motoci irin Golf 3 da Sharan babu murfi a jikin lagireto, robar ce mai murfin matsi, can za ka duba. In ruwa ya ragu, ina ya tafi? Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ka ga inda ya ɗiga. Bi bakin kowane tiyo da yatsa, ka nemi farin busasshen tabo ko tsatsa. Leƙa ƙasan famfon ruwa, yana da wani ɗan rami da ke zubar da ruwa in sil ɗinsa ya mutu. Taɓa kafet ɗin gaba ta wajen fasinja, in da danshi hita ce ke yoyo.

Sai murfin, wanda kowa ke rainawa. A jikinsa za ka ga lamba, a motocin Japan yawanci 0.9 ko 1.1. Wannan matsin ne ke ɗaga wa ruwa matakin tafasa daga digiri 100 zuwa wajen 120. In robarsa ta tsattsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa tafasa yana ficewa ta robar ajiya alhali injin lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin motar da aka ɗaure bakin lagiretonta da leda da roba. Canza murfi, ka sayi mai lamba daidai da na asali.

Duba fambel ko ya saki ko ya yi santsi. Duba fuskar lagireto da kwandensan esi da ke gabansa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da ƙwari kan like su har iska ta kasa ratsawa. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, ba da ruwa mai ƙarfin gaske ba, don kar 'yan fukafukan su kwanta.

Yanzu tada motar ka bar ta a sulo. Fankar lantarki kan tashi da kanta in zafi ya haura digiri 90 da ɗoriya. In allura ta wuce tsakiya fanka shiru, a duba fiyus, a duba rile, a duba suwicin zafi, sannan a ba fankar wuta kai tsaye daga batir a ga ko tana da rai. In tana juyawa ma kar ka gamsu. Ɗauki takarda ka kai gaban mota. Ya kamata iska ta zuƙe ta ta manne. In turo ta ake yi waje, rewaya ya haɗa wayoyin a juye, fankar tana kokawa da iskar hanya. Wannan kuskure ya fi yadda ake zato yawa, musamman bayan an sa fankar Kwatano.

Maganar tamostat

A nan zan daɗe, don a nan muke saɓawa da yawancin makanikanmu. Da mota ta shigo daga waje, abu na farko da ake cewa shi ne a cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne, a kuma haɗa fanka dairek. Motocin da ke yawo a Makka da Madina da tamostat ɗinsu suke, kuma zafin can bai gaza na Birnin Kebbi ba.

Tamostat ƙofa ce. Tana rufe har inji ya kai zafin aikinsa, sannan ta buɗe ruwa ya wuce lagireto. Lambar buɗewar tana rubuce a jikinta, 82 a yawancin tsofaffin Toyota, 87 a Volkswagen da yawa. A injina masu yawa kuma tana da aiki na biyu: in ta buɗe hanyar lagireto, sai ta toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin injin kaɗai. In ka cire ta, wannan gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan yana ta kewaya inji bai taɓa ganin lagireto ba. Da safe kuma injin ba ya ɗumama da wuri, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu da sanyi, tana ƙara masa mai. Ka biya a gidan mai, ka biya a ringi. Cirewar tana ɓoye ciwo ne na ɗan lokaci.

Gwajinta a kicin ake yi. Ɗaura ta da zare, ka rataya cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinta ya fara buɗewa, yana tafasa ta buɗe sosai. In ta ƙi, ta mutu, a sa sabuwa. Ko ba ka kwance ba akwai alama: allura ta hau, tiyo ɗaya yana ƙuna, ɗayan da sanyi.

Famfon ruwa kan yi ƙugi ko ya yi girgiɗi in ka kama fulinsa ka jijjiga. Amma akwai mai mutuwa shiru: farfelarsa ta ciki tsatsa ta cinye, ko kuma, a wasu Volkswagen masu farfelar roba, ta saki tana sulɓi a kan sandarta. In ka buɗe murfi tun da sanyi, inji ya ɗumama, ka ɗan taka totur ba ka ga ruwa yana gudu ba, a fito da famfon a gani.

Lagireto kuwa ka ji yadda dattijon nan ya yi. Inji a kashe, wayar fanka a zare, domin tana iya tashi ko makulli na hannunka. Duk inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, layukan wajen sun toshe. Masu gyara kan buɗe shi su zurara layukan ɗaya bayan ɗaya, in ya ruɓe da yawa a canza. Abin da ke toshe shi ba ɓoyayye ba ne: ruwan rijiya da na burtsatse, ka dubi cikin butar shayin da ta daɗe ka ga farin ɓawon da ke manne mata. Sai kuma ƙwai da garin barkono da sabulu da ake zubawa don tsaida yoyo. Suna toshe ramin, su toshe sauran ma. Abin da ya dace shi ne kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji na kanti, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ka saya ba. Babban amfaninsa a wajenmu hana tsatsa ne. Guba ne kuma mai zaƙi, kar a bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki.

To, gasket ɗin ne?

Gasket yana kwance ne tsakanin bulok da kan inji, wanda makanikai ke kira top silinda. Abu uku yake rabawa: wutar da ke tashi a kan fistin, ruwa, da baƙin mai. Yawancin tsofaffin motocin nan bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne, kai kuwa alminiyam, kuma alminiyam ya kusa ninka baƙin ƙarfe kumbura in ya ji wuta. In zafi ya wuce kima sai kan ya ɗan tanƙware, ya daina danne gasket daidai, wuta ta sami hanya. Alamar da za ka gani ta danganta da inda ya fashe.

Wadda kowa ya sani ita ce baƙin mai ya koma kalar kunun gyaɗa a jikin geji, wato sandar duba mai. In ka ga haka kar ka ƙara tada motar. Amma ka riƙe wannan da kyau: mai ya fito tas ba ya wanke gasket daga zargi. Sau da yawa tsakanin wuta da ruwa yake fashewa, mai bai san ana yi ba. Haka kuma ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai kawai, geji kuwa tas, yana iya zama raɓar hunturu a motar da ba ta doguwar tafiya. Mai a cikin lagireto ma ba lallai gasket ba: a mota mai giyar otomatik, man giya yana ratsawa ta cikin lagireto, in bututun ya fashe sai su gauraya, wasu injinan kuma suna da na'urar sanyaya mai kusa da filta wadda kan yi irin wannan.

Farin hayaƙi a salansa da sanyin safiya, wanda ke ɗaukewa bayan minti kaɗan, ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya yankewa ko inji ya yi zafi, ga ruwa na raguwa babu ɗigo a ƙasa. In da kulan a motar za ka ji shi da wari mai zaƙi-zaƙi. Sau da yawa yana zuwa da rawar inji in an tayar da safe, na 'yan daƙiƙu, sannan ya daidaita. Ruwa ne ya kwana a kan fistin. Kwance fulogai ka jera su a kan bonet yadda suka fito. Uku da toka-tokarsu, ɗaya fes kamar yau aka saye shi, to tururi ne ya wanke shi, kuma ya nuna maka silindar da ke shan ruwa. Ran da ka murɗa makulli injin ya yi "gum" ya ƙi juyawa alhali batir da ƙarfinsa, kar a tura, kar a dage. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A cire fulogai a juya injin, za ka ga ruwa ya yi feshi.

Gwajin da ba ya cin ko sisi: da sanyi, cika lagireto har baki, bar shi a buɗe, tada mota. Kumfa ɗaya biyu da farko iska ce ke fita. Amma kumfa mai jerin gwano da ba ta tsayawa, tana ƙaruwa in an taka totur, ko ruwa ya yi tsalle tun injin bai ɗumama ba, wannan hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Wasu kan ɗaura balan-balan a bakin lagireton, in ta kumbura cikin minti na farko magana ta fito. Haka in murfi na rufe, ka tada mota da sanyi, tiyon sama ya yi tauri kamar tayar keke nan da nan.

In kana son tabbaci kafin ka fidda kuɗi, nemi garejin da ke da gejin kwamfireshan. Injin fetur mai lafiya kan ba da tsakanin 150 da 190 a ma'aunin psi, amma abin dubawa shi ne kar wata silinda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya yanke a tsakaninsu, kuma irin wannan wani lokaci ko zafi motar ba ta yi, ƙarfi kawai take rasawa. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba, in hayaƙin inji na fitowa sai ya koma rawaya. In babu ko ɗaya, injin mai faci ya isa: a kawo fistin sama bawuloli a rufe, a sa giya a ja birkin hannu, a hura iska ta ramin fulogi, kai kuma ka zuba wa bakin lagireto ido. Silindar da ta tada kumfa ita ce.

In ya tabbata

Tsaya a wajen ranar da za a yi aikin, ko da za ka rasa kasuwar yini. A bar inji ya huce sarai kafin a kwance, a sassauta kusoshin daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. In kai ya fito, dubi tsohon gasket ɗin ka ga inda ya ƙone da idonka. In ba a ga wurin ba, a nemi tsaga a jikin kan, musamman tsakanin bawuloli.

Daga nan sai awo, matakin da aka tsallake mini a karon farko. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, a tsaye da a karkace, a gwada zura filageji, siraran ƙarafan awon tazara, a ƙarƙashi. Toyota da yawa ba su yarda a wuce milimita 0.05 ba, tsofaffin Volkswagen 0.1. Wannan kaurin gashin kai ne, ido ba ya gani, don haka "na duba, lafiya lau yake" ba awo ba ne. In ya wuce a kai wa masu injin gyaran fuska su share shi. Goga shi da samfefa a kan siminti ba gyara ba ne, haka ɗora gasket biyu, haka shafe shi da gam. In kan ya tsage ko an sha share shi a baya, gara a nemo wani, a nan gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, shi ma a auna shi kafin a biya. Gasket kuwa sayi mai kyau, araha ba ta ado a nan, kuɗin aiki ya fi kuɗinsa.

A busar da ramukan kusoshi, don ruwa ko mai da ya taru a ciki yana iya tsaga bulok in an ɗaure. A duba rubutun da ke nuna saman gasket. Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya yi waje, hawa-hawa, da sifana mai awo, ba da bututun da yaron gareji zai rataya a jiki ba. Kowane inji da lambarsa. Na Golf 3 mai 1.8, alal misali, ana kai kusoshin 40 a ma'aunin Nm, sannan 60, sannan a ƙara rubu'in zagaye sau biyu. Irin waɗannan kusoshin miƙewa suke yi in an ɗaure su, shi ya sa ake son sababbi. In ruwa ya daɗe cikin mai har ka fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, metal, wato ƙarafan da sandar fistin ke juyawa a kai, ya tafi, zauna ka yi lissafi ko sauke wani injin ya fi.

Kafin a rufe bonet, koma kan tambayar dattijon nan: an gyara abin da ya jawo zafin? Sannan a zubar da mai a canza filta, in ruwa ya shiga man a sake canzawa bayan 'yan kwanaki. A cika ruwa hita a buɗe, gaban motar a ɗan tudu, a bar ta a sulo ana matsa tiyo har kumfa ta ƙare, tamostat ta buɗe, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Washegari da safe, kafin ka tada ta, ja layi da biro a jikin robar ajiya daidai inda ruwa ya tsaya. Kwana ɗaya ko biyu na farko zai ɗan sauka, ragowar iska ce, ka cike zuwa layin. In ya kai mako yana sauka, mayar da ita garejin tun kafin ka ɗauki hanyar Yauri.